Na Wajen Bappa

Sai da Mikail Mailafiya ya yi sati uku kwance a asibiti sannan mutane suka ga ainihin gashin kansa. Da yana gida, duk Juma'a da safe yakan leƙa wurin mai aski a Ƙofar Ruwa, kusa da shagonsa na siminti, a rage masa suma a shafa masa baƙin rini. Asibiti kuwa babu mai aski. Gashin ya tsiro fari fat daga tushe, baƙin ya rage a sama-sama kawai.

Shekara biyu ke nan yana tari. Sau biyu ana ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata shida, sau biyu yana shanyewa tas, tarin bai ko gezau ba. Gwajin kaki bai taɓa nuna ƙwayar cutar ba. 'Yan kasuwa suka ce ƙurar siminti ce. Yanzu ga shi ko banɗaki ba ya iya zuwa sai ya tsaya ya huta a hanya.

Ranar Alhamis da hantsi Dakta Maharazu, wani matashin likitan ƙirji, ya zo zagaye. Luba, matar Mikail, tana zaune a gefen ƙafafunsa. Hajiya Nana, mahaifiyarsa, tana kan tabarma a jikin bango da carbinta. Likitan ya gama sauraron bayan Mikail, amma bai wuce ba. Ya tsaya yana kallon kansa.

"Malam Mikail, shekarunka nawa ma?"

"Talatin da bakwai, likita."

"Furfurar nan fa, yaushe ta fara?"

Mikail ya yi dariya, dariyar ta juye tari. Da ya lafa ya ce, "Tun ina sakandare. Dattijo 'yan ajinmu suke ce min. Ko ita ma akwai allurarta ne?"

Likitan bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya buɗe fayil.

"A cikin 'yan'uwanka, akwai wanda ya yi furfura da wuri haka? Ko ya yi doguwar jinyar huhu, ko ta hanta, ko ƙarancin jini?"

Mikail ya dubi wajen mahaifiyarsa, sannan ya mai da idonsa kan silin.

"Babu."

"Hajiya, 'ya'ya nawa Allah ya ba ki?"

"Huɗu," in ji Hajiya Nana, ba ta ɗago ba. "Sani, Hauwa, Sadiya, sai wannan. Duk suna nan da ransu."

"Mahaifinsu fa?"

"Hatsarin mota, a hanyar Zariya. Lafiya ƙalau ya fita daga gida."

Dakta Maharazu ya rubuta, ya rufe fayil ɗin a hankali. Da zai fita ya yi wa Luba alama ta biyo shi baranda.

"Malama, akwai abin da nake zargi, amma ba ni da hujja," ya ce. "Bari in faɗa miki yadda za ki gane. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kullum suna rabuwa suna samar da sababbi. A cikin kowace akwai dogayen zarurruka masu ɗauke da tsarin halittar mutum. A bakin kowane zare akwai wani ɗan ƙari da ke kare shi, telomiya ake ce masa. Duk sanda ƙwaya ta rabu, ƙarin nan sai ya ɗan ragu. In ya gajarce da yawa, ƙwayar ta daina rabuwa. Wannan na cikin abubuwan da ke kawo tsufa."

Luba tela ce, a gida take ɗinkin mata. Ta ce, "Kamar rarar yadi ke nan. Muna barin rara a gefe, in an kawo gyara ita ake datsewa. Ranar da ta ƙare, rigar ba ta ƙara gyaruwa."

"Wallahi kin fi ni iya faɗa. To, akwai gidajen da ake haihuwarsu da gajeriyar rara. Abin da ya kamata ya same su a shekara saba'in sai ya zo a talatin. Gashi ya yi fari, huhu ya yi tabo ya ƙandare, jini ya ragu, hanta ta yi rauni. Jinin mijinki ya ragu, hoton ƙirjinsa kuma bai yi min kama da tarin fuka ba."

"To a gwada mana."

"Ba a yin gwajin a nan. Sai an aika jini ƙasar waje, sai kuma manya sun sa hannu. Babbar likitar sashenmu tana ganin tarin fuka ne mai taurin kai. Ranar Litinin za a fara masa magani mai ƙarfi. In ita ce da gaskiya, shi ke nan. In ni ne, ina jin tsoron hantarsa ba za ta ɗauka ba." Ya ɗaga fayil ɗin. "Ciwon nan gadonsa ake yi. Da akwai ko mutum ɗaya a gidan da ya yi irinsa, da na samu abin faɗa. Yanzu abin da ke hannuna furfura ce kawai, ita kuwa rabin Kano na da ita."

Washegari bayan an sauko daga masallaci, Luba ta hau adaidaita zuwa Goron Dutse. Bappa, wan mahaifin Mikail, ya haura tamanin, gwiwoyinsa ba sa kai shi asibiti, don haka duk Juma'a ita ke kai masa labarin jiki. Ta durƙusa a bakin ƙofar falonsa suka gaisa. Ya tambayi mai jiki, ya tambayi 'yarsu Aminat, ya yi addu'a mai tsawo.

Yana addu'ar idonta ya sauka a kan hoton da ke rataye a saman kujerarsa. Shekara goma sha ɗaya tana ganin hoton nan: wani mutum ne da farar riga da hula, gemunsa da sajensa fari sol. Ta ɗauka wani ƙanin Bappa ne, ko abokin fataucinsa. Yau ne ta lura fuskar babu tamoji ko ɗaya.

"Bappa, wai wannan wane ne?"

"Ɗana ne, Auwalu."

"Allah ya ji ƙansa. Ashe ya manyanta kafin ya rasu."

"Ina fa. Talatin da uku."

Luba ta gyara zama.

"Me ya same shi, Bappa?"

"Kwanansa ne ya ƙare."

"Haka ne. Amma ya yi jinya? Ya yi tari?"

"Wane ne ba ya tari a Kano?"

"Likita ne yake tambaya. Ya ce in an san abin da..."

"Likita zai dawo da shi ne?" Bappa ya gyara rawaninsa. "'Yar nan, wanda ya kwanta a bar shi ya kwanta. Ni ma ba na gari. Na kai shanu kudu, na dawo na tarar ana sadakar uku. Matata ce ta yi jinyarsa, ita ma ta bi shi. Sai kuma..."

"Sai kuma wa?"

"Ki gaida mijinki. Ki ce na ce ya daina wannan sana'ar ta ƙura."

Daga nan asibiti ta wuce. Ta yi sa'a Hajiya ta tafi masallacin asibitin sallar la'asar. Mikail na jingine da filo, robar iska a hancinsa. Luba ba ta ko ajiye jakarta ba.

"Baban Aminat, wane ne Auwalu?"

Ya ɗan runtse ido. "Kin je Goron Dutse ke nan."

"Tambayarka na yi."

"Yayana ne. Cikinmu ɗaya. Shi ne ɗan farin Hajiya. Bappa bai samu haihuwa ba, ana yaye shi aka kai masa, can ya tashi, can ya rasu."

Sai a lokacin ta tuna babban wan da ta sani Muhammad Sani ne sunansa, kuma ba ta taɓa tambayar kanta ina na farkon yake ba.

"Ciki ɗaya. Kuma jiya likita ya zauna a kujerar nan ya tambaye ka, ka dubi silin ka ce babu."

"A gaban Hajiya? In kama sunansa tana zaune? Ke kin san gidanmu. Tun da nake ban taɓa jin ta faɗi sunan nan ba. In ya kama dole, na wajen Bappa take cewa. Ko da ya zo gaisuwa bayan labule take shiga."

"Da ta fita fa? Ba ka iya cewa a kira maka likita?"

"In ce masa me? Ina makarantar kwana ya rasu, shekarata goma sha biyu. An ce min ya rasu, na yi kuka, na koma aji. Ban san me ya kashe shi ba." Ya ja numfashi da ƙyar. "Kuma furfura ai ba ciwo ba ce, Luba. Wannan likitan yaro ne, karatu ne ya yi masa yawa."

"Yaron ne ya kalli kanka. Manyan shekara biyu suna ba ka ƙwaya kamar mai kiwon kaji."

"To ni kaza ce ke nan."

"Ban ce ba. Amma ka yi wa Hajiya magana, kai ne autanta."

"Ba zan iya ba."

"Ko da ranka ne?"

Tari ya turnuƙe shi, ta riƙe masa kofi har ya lafa. Kafin ta sake buɗe baki Hajiya ta yi sallama, sai Luba ta tashi ta shimfiɗa mata tabarma.

Ranar Asabar ta kira Dakta Maharazu a waya ta faɗa masa. Ta ji muryarsa ta canja.

"Ɗan'uwa na ciki ɗaya, furfura, rasuwa a talatin da uku. Wannan babbar magana ce. Me ya kashe shi?"

"Babu mai faɗa."

"Malama, in na je gaban babbar likitarmu da haka, tambayar farko da za ta yi min ke nan. Zai iya zama zazzaɓi, zai iya zama komai. Ga shi kuma fayil ya ce 'ya'ya huɗu, daga bakin uwar. Ki samo min wanda ya ga jinyar da idonsa. Ko takarda, ko da kati ne."

"In na ce kada a ba shi maganin fa?"

"Shi ne mai sa hannu, ba ke ba. Kuma in ban kawo wani dalili ba, ni kaina ba zan ce miki ki hana ba."

Ta kira Yaya Sani a Abuja. Ya ce lokacin yana bautar ƙasa, ta tambayi Hauwa. Hauwa ta ce tana gidan miji da ɗanyen goyo, ba a bar ta ta je ba sai ranar rasuwa. Sadiya ta ce, "Ke dai Luba akwai tone-tone." Dukansu sun ƙare da magana ɗaya: Hajiya ce za ta sani, kuma kada ta kuskura ta tambaye ta.

Lahadi da safe Luba ta tafi Gwammaja, gidan Hajiya. Ta san kullum kafin ta tafi asibiti Hajiya kan zauna a tsakar gida ta dama wa Mikail fura, don ba ta yarda da damun kowa ba. Ta same ta kuwa, ƙwarya a gabanta, tana murza furar da bayan ludayi. Luba ta cire takalmi ta durƙusa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, Lubabatu. Wa kika bar masa?"

"Abokinsa na kasuwa yana wurin."

"To. Miƙo min nonon can."

Ta miƙa. A hanya ta shirya maganarta tsaf, sashe-sashe, kamar yadda take yanka yadi. Yanzu da ta zauna gaban surukarta duk ta watse.

"Hajiya, likitan nan ya yi min wani bayani. Ya ce wai ciwon Baban Aminat mai yiwuwa a jini yake. Wai akwai wani abu a jikin mutum kamar rarar yadi, kowa da tsawon tasa. Wasu gidajen tasu gajeriya ce."

"Kowa da abin da Allah ya yanka masa."

"Haka ne. Shi ya sa yake so ya san ko an taɓa yin irin ciwon a gida."

"Ai ya tambaya an ba shi amsa."

"Na je wurin Bappa shekaranjiya."

"Ya ƙafar tasa?"

"Da sauƙi. Na ga wani hoto a falonsa."

"Ɗanɗana ki ji ko sukarin ya ji."

Luba ta karɓi ludayin ta kurɓa. Ba ta ji ɗanɗanon komai ba.

"Ya ji. Hajiya, ni ban ce ki kira sunan kowa ba. Ban ce ki yi maganar a gaban mutane ba. Ko ni kaɗai ki faɗa wa, in kai. Gobe za su fara masa wani magani mai ƙarfi. Likita ya ce in ciwon gida ne, maganin zai iya taɓa masa hanta, idonsa ya yi ruwan ɗorawa, daga nan kuma..."

Ludayin ya tsaya a cikin ƙwarya. Luba ta ga haka, ta jira. Kaza ta zo ta leƙa ƙwaryar, babu wanda ya kore ta. Can Hajiya ta ci gaba da damu.

"Rana tana yi. Ɗauko min fulas ɗin."

Nan haƙurin Luba ya ƙare. Kwana uku tana zagaye-zagaye, kowa na tura ta gaba, ga gobe Litinin.

"Hajiya, don girman Allah, me ya kashe Yaya Auwalu?"

Ita kanta sai da ta ji nauyin sunan a bakinta. Hajiya Nana ta ajiye ludayin. Ba ta dubi Luba ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗakinta, ta saki labule.

Luba ta yi kusan rabin awa a durƙushe a wurin. Ta yi sallama a bakin labulen sau biyu, ta ce a yafe mata, babu amsa. Daga ƙarshe ta juye furar a fulas da kanta, ta wanke ƙwaryar ta kife, ta tafi. Ranar Hajiya ba ta zo asibiti ba. Mikail ya kurɓi furar sau ɗaya, ya dubi matarsa.

"Me kika yi?"

"Abin da ka kasa."

Bai sake yi mata magana ba har ta tafi gida.

Litinin ƙarfe tara zagaye ya iso kansu. Babbar likitar ce a gaba, dattijuwa mai tabarau, Dakta Maharazu a bayanta, sai ma'aikaciyar jinya da tire na magunguna da takardar sa hannu. Gefen bangon da Hajiya ke shimfiɗa tabarma babu kowa. Dakta Maharazu ya dubi Luba, ta girgiza kai.

Ya gwada duk da haka. Ya faɗi maganar furfura, da ƙarancin jini, da ɗan'uwan da ya rasu yana matashi.

"Me ya kashe shi?" in ji babbar likitar.

"Ba mu sani ba tukuna."

"Ba ya ma cikin fayil. Maharazu, na san kana son ciwon da ba a cika gani ba. Ni kuma shekara talatin ina binne masu tarin fuka saboda jinkiri. Malam, ga takarda, a karanta maka ka sa hannu."

Mikail ya karɓi biro. Luba ta juya fuskarta ga taga.

"Salamu alaikum."

Hajiya Nana ce a bakin ƙofa, babu fulas, babu tabarma. Wani abu mai faɗi ta rungumo, naɗe a cikin tsohon zanen saƙi. Ta wuce Luba kamar ba ta gan ta ba, ta wuce babbar likitar, ta tsaya a gaban Dakta Maharazu. Ta warware zanen. Babban ambulan ne ruwan ƙasa, gefensa duk ya cinye, yana warin kafur.

"Ungo. Akwai suna a jiki. Ka karanta a zuciyarka."

Ya karanta a zuciyarsa. Ya zaro hotunan ƙirji guda uku da wasu katuna da suka yi ja don tsufa. Ya ɗaga hoto ɗaya a hasken taga, ya ɗauko na Mikail ya jera su. Babbar likitar ta matso ta gyara tabarau. A ƙasan huhun duka biyun akwai ƙananan ramuka jere, kamar saƙar zuma.

"Hajiya, kin ga jinyar da idonki?" ta tambaya.

"Wata goma sha huɗu." Hajiya tana magana ne da bango. "Kullum nakan je Goron Dutse da fura, in ce na zo gaida matar Bappa. Ban taɓa zama kusa da shi ba. A bayan labule nake tsayawa in ji numfashinsa. Irin na wannan ne sak. An ce tarin fuka ne, aka ba shi magani, aka sake ba shi. A na ukun idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Kwana arba'in bai cika ba." Ta naɗe zanen a hannunta. "Da aka share ɗakin za a ƙone takardun da shara, na ɗauke."

Babbar likitar ta jima tana duba katunan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙa hannu ta zare biron daga yatsun Mikail.

"A mai da maganin nan. A sake hoton ƙirji na na'ura mai zurfi, a duba hanta. Maharazu, rubuto takardar aika jinin, zan sa hannu yau." Ta dubi Hajiya. "Shekara biyu muna nemansa, Hajiya, ashe yana cikin akwatinki."



Da zagayen ya wuce gado na gaba, Luba ta tare Dakta Maharazu.

"Yanzu zai warke?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. In gwaji ya tabbatar, babu maganin da ke mai da rarar da ta ƙare. Akwai abin da ke rage wa tabon gudu, akwai iska, akwai kula. Mun kuma san abin da ba za mu ba shi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ina so in ga sauran 'yan'uwansa. Da 'yarku, in lokaci ya yi."

Luba ta jingina da bango. Ta tuna wata goma sha biyu tana tashinsa da asuba ya haɗiyi ƙwayoyi kafin karin kumallo, yana amai tana lallashi, alhali ambulan ɗin nan yana kwance a Gwammaja, tafiyar minti goma daga gidansu. Ta tuna kan Aminat da take yi wa kitso duk Asabar, ta san daga yanzu ba kitson kawai za ta riƙa yi ba. Maganganu suka cika mata baki. Ta juya ta dubi Hajiya, ta gan ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar ɗaki da zane a hannu, babu wurin zama. Sai ta haɗiye su, ta cire mayafinta na sama ta shimfiɗa a jikin bango.

"Hajiya, zauna."

Hajiya ta zauna. Ba ta yi godiya ba, ba ta kuma kore ta ba. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Furar jiya a haka kika kawo masa? Ban gama damawa ba."

"Ita ce duk gudaji," in ji Mikail daga kan gado. "Na ɗauka tsakuwa aka zuba min."

Babu wanda ya yi dariya, amma Hajiya ta ciro carbinta.

Dakta Maharazu ya dawo da fayil ɗin, ya durƙusa a gabanta, ya buɗe shafin ranar Alhamis inda ya rubuta huɗu.

"Hajiya, ki yi haƙuri, dole in gyara nan. 'Ya'ya nawa zan rubuta?"

Ta ja ƙwayar carbi ɗaya, ta ja ta biyu.

"Ka ƙara ɗaya," ta ce.